Ba Zai Shiga Ba, Yaya

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan magariba

Mama ta bugo ina ofis. Maganar dai ɗaya ce: ƙarshen wata Kawu Wakili zai zo da mota ya tafi da Nazir Kano, wai gida ya fi, akwai malamai, akwai jama'a. Na ce Mama, mutumin da ya kasa fitowa falo, shi za a sa a mota a hau babban titi da shi? Titi fa, Mama, inda masu garkuwa suka ɗauke shi! Ta ce to ke me kika tsinana masa tun da ya dawo? Ban tsinana komai ba kuwa.

Ƙanena ne, ni na riƙe shi tun yana sakandare, a gidan nan na Garki. Yanzu a bakin ƙofa nake ajiye masa abinci kamar maƙwabcin da muka yi faɗa. In na dawo aiki na tarar da kwano, wani lokacin ya ci, wani lokacin ƙudaje sun ci. Banɗaki kaɗai ke fito da shi, shi ma sai ya ji na tayar da mota.

In aka tafi da shi a haka, ba zai yafe mini ba. Ni ma ba zan yafe wa kaina ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, da safe

Bai taɓa shayin ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, lokacin cin abincin rana

Rosemary, wadda teburinta ke kusa da nawa a ofis, ta tambaye ni me Nazir yake so a da, kafin abin. Na buɗe baki zan ce ban sani ba, sai na tuna. Kwamfutar wasa! Watanni ya yi yana cika mini kunne, wai ba a sayenta a haɗe, guntu-guntu ake zaɓa a harhaɗa da hannu. Shi da Zacharias, abokinsa da suka yi bautar ƙasa tare a wata makaranta a Yangoji. Duk ƙarshen mako sai su dira gidan nan, su cinye mini shinkafa, su yi ta gardama a kan katin hoto, wannan da ke sa wasa ya fito tar a sikirin. Nazir na kamfanin kore ne, Zacharias na kamfanin ja. Har kora su nake yi su koma baranda.

Tare aka ɗauke su, Nazir kaɗai ya dawo. Ba zan rubuta komai a kan Zacharias ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, da la'asar

Na je wata filaza a Wuse, inda ake sayar da kayan kwamfuta. Kai, ashe haka wurin yake! Kafin in kashe mota mutum shida sun kewaye ni, kowa oga madam, oga madam. Na bi wanda bai ja mini mayafi ba. Sunansa Wisdom, ɗan wajen Kwali ne, Hausarsa irin ta Abuja.

"Madam, wane wasa kana so ka buga?"

Na ce ban sani ba.

"To wane firosesa?"

Na ce wanda ba ya lalacewa. Ya yi dariya har ya dafa kanta. Na ji haushi, na ce malam ni akanta ce, ban zo a yi mini dariya ba. Ya ba ni haƙuri, ya jera mini abubuwa: firosesa shi ne ƙwaƙwalwa, madabod shi ne faifan da komai ke zama a kai, ram kuma wasu 'yan sanduna biyu. Ya ce dokar filaza ɗaya ce, in kaya ya fita ƙofa ba a mayar da kuɗi, sai dai canji.

Na sayi firosesa da madabod a wurinsa. Ram ɗin na ga nasa ya yi tsada, na sauka ƙasa na saya a wani shago, ina ta jin kaina mai wayo.

Na tsaya a ƙofar Nazir na ce na sayo kayan kwamfutar nan taka. Shiru. Na ce to ni zan haɗa abata. Shiru.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan azahar

Bari in rubuta a hankali.

Na baje kayan a teburin cin abinci, na kunna bidiyon wani Bature mai magana kamar ana binsa. Na ɗauki ram na danna a raminsa. Ya ƙi. Na juya shi, ya ƙi. Na ce yau ko ni ko kai. Na ɗauko wuƙar yanka burodi zan danna shi da ƙotarta, ina ta mita da ƙarfi, ina tsine wa Baturen.

Sai na ji a bayana:

"Ba zai shiga ba, Yaya."

Ban juya ba. Wallahi tsoro na ji in juya ya koma. Na ce me ya sa?

"Tsohon samfuri ne, mai lamba huɗu. Faifan na mai biyar ne. Tsagar ba ɗaya ba ce. Ajiye wuƙar."

Na ajiye. Ya tsaya kaɗan, ina jin numfashinsa, sannan na ji ƙofa ta rufe.

Muryarsa ta dishe. Na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji ni.

Talata, 14 ga Oktoba, da safe

Ya ci rabin indomi.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan isha

Na canza ram ɗin, mai shagon ƙasa ya yi mini wankin babban bargo kafin ya yarda. Na bar sabon a kan tebur na tafi aiki. Da na dawo na tarar da shi a cikin raminsa, an kuma ɗora faifan a kan kwalinsa, an ɗauke shi daga kan ledar tebur. Wuƙar burodi kuwa an mayar da ita kicin, can cikin durowa.

Na zauna ina kallon faifan kamar baƙon da ya zo daga nesa. Babu wanda zan gaya wa. Mama za ta ce sandar roba ce ta sa ki murna? Ƙawayena sun daina kira tun makon farko, da suka gama zuwa jaje suka ga ba ni da labarin da zan ba su. Ban ga laifinsu ba. Ƙarya nake yi, na gani.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da yamma

Yau man firosesa. Wani farin mai ne da ake ɗiga wa a kansa kafin a ɗora fanka. Na san ɗigo ɗaya ake sawa, Baturen ya faɗa sau uku. Amma na tsaya daidai saitin ƙofarsa na ce da ƙarfi, bari in shafe shi duka kamar bota.

Ya fito.

Ya karɓe bututun daga hannuna, ya ɗiga kamar ƙwayar gero, ya ɓare wata leda a gindin fankar da ni ban ma lura da ita ba. Ya ce da an bar ta, da firosesan ya dahu. Ya rame, Allah. Wuyan hannunsa har yanzu da shatin nan, na kawar da ido. Gashinsa ya cukurkuɗe. Ya ɗaura sukurori huɗu, yana bin su a gicciye, bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Ashe in na yi daidai ba ya fitowa. Sai in na yi shirme.

Asabar, 18 ga Oktoba, da rana

Katin hoto. Shi ne babba, shi ne mai cinye albashi. Wisdom ya ɗora guda biyu a kanta, ɗaya a kwali kore, ɗaya a ja, ya ce madam wannan kam ka tambayi mai shi. Na ɗauki hotonsu na tura wa Nazir a waya, duk da na san tun da ya dawo bai amsa saƙon kowa ba. Na zauna a bencin Wisdom ina jira, ya sayo mini zoɓo. Na san kore zai ce, watanni yana rantsuwa da kore.

Waya ta yi ƙara. Kalma ɗaya.

"Ja."

Wisdom ya ce lafiya madam? Na ce barkono ne a zoɓon.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da hantsi

Bai fito ba. Kwalin jan yana kan tebur, ko ledar bai taɓa ba. Kwano ma haka.

Lahadi, bayan la'asar

Ni na jawo. Da ban tura hoton ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan magariba

Allah ya yafe mini, na sayi akwatin kwamfutar, wanda na san ya yi ƙanƙanta. Wisdom har da ɗauko tef ya auna mini, ya ce madam katin ya fi akwatin tsawo, ba za ta shiga ba, ni ba na so ka dawo ka ce na cuce ka. Na ce na sani, ba ni. Ya dube ni kamar wadda aljanu suka shafa.

Na dawo na yi ta ƙwanƙwasa kati a bakin akwati, a hankali dai, amma yadda za a ji.

Ya fito da sauri har ya yi tuntuɓe da kwano.

"Yaya! Za ki karya shi!"

Ya fizge katin ya rungume a ƙirji. Wannan ne karon farko da ya ɗaga murya, kuma ni aka ɗaga wa, kuma daɗi na ji. Ya zauna a kujera da katin a cinya, yana juya fankokinsa da yatsa. Can ya ce, ba ni yake gaya wa ba, "Cewa yake yi ja ya fi arha kuma ya fi ƙwari." Na ce haka ne. Ban san ko haka ne ba.

Ya ci tuwo a tebur. A tebur!

Laraba, 22 ga Oktoba, da yamma

An canza akwati, an sayo fawa, wato abin da ke raba wa kowa wuta. Nazir ne ya faɗi girmanta, ya ce a yi la'akari da inbatarmu, kada a sayo wadda za ta shanye batir kafin 'yan nefa su tuna da mu. Magana mai tsawo ya yi, har da hannu.

Mama ta bugo. Na ce ya fara fitowa falo. Ta ce saboda me? Na gaya mata. Ta yi tsaki ta ce, ke da iliminki, abin da zai ƙara kulle shi kika saya masa. Ranar da abin nan ya tashi zai ɗauke shi ya shige ɗaki ya toshe kunne, shi ke nan kin gama ganinsa. Kawunku na nan zuwa.

Na kashe waya ina huci. Sannan na zauna na ga gaskiya ta faɗa. Saura haɗa wayoyi kawai. Shirmen da zan yi ya ƙare.

Wayoyin fawar a rarrabe suke zuwa cikin wata 'yar jaka, kowacce da inda ake cusa ta. Na zaro wadda ke kai wuta ga katin hoto na jefa a jakata ta ofis.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da safe

Tana ƙarƙashin darduma a cikin jakar. Na yi salla a kan dardumar a ofis, ban ji daɗin sallar ba.

Alhamis, bayan isha

Na dawo na tarar ya gama komai. Wayoyi a ɗaure tsaf ta baya, ya share teburin har da goge shi. Yana zaune yana jirana. Ni yake jira, a falo, da fitila a kunne.

Ya ce waya ɗaya babu. Na ce ƙila Wisdom ne ya manta. Na ce zan tsaya a hanya in sayo wata. Ya ce a'a, ba a sa wa fawa wayar wata fawa, bakin iri ɗaya ne amma cikin ya bambanta, tana iya ƙone katin nan take. Dole sai tata. Na ce to sai wani satin in na samu sarari.

Muka ci abinci tare. Ya tambaye ni ko har yanzu daraktanmu na barci a mitin. Na ba shi labari, na ƙara gishiri. Gefen bakinsa ya motsa.

Waya ɗaya ce ta saya mini wannan daren. Na san ba daidai ba ne, kuma ban fito da ita ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da yamma

Ya sake tambaya. Na ce Wisdom bai buɗe shago ba. Bawan Allah yana can yana sayar da kayansa, ni ina nan ina ɓata masa suna.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Da hantsi na fito wanka na gan shi tsaye a bakin ƙofar fita. Da takalmi. Ya sa hula ya rufe gashin, ya rungumi kwalin fawa.

"Mu je wurin mutumin nan."

Na ce bari ni zan je.

"Yaya, ram kin sayo ba daidai ba. Akwati ba daidai ba. In kika sayo waya ba daidai ba katin ne zai tafi. Ni zan duba da idona."

Shirmena ne ya dawo mini. Jakar tana rataye a kafaɗata, wayar na ciki. Ban fito da ita ba. In na faɗa zai cire takalmin.

Matakalar bene ya bi yana dafa bango. Maman Rita ta ƙasa tana shanya, ta gan shi ta saki zani a ƙasa za ta yi guɗa, na zare mata ido ta haɗiye. Ya shiga baya, ya zauna a tsakiya, nesa da kowace taga. Na tayar.

Mun yi nisa kaɗan, sai ga masu kaki sun tare hanya suna duba takardu, bindigogi a rataye. Aikinsu suke yi, ko kallonmu ba su yi ba. Amma na ji kwalin yana kaɗawa a baya, kaf-kaf-kaf. Na duba madubi. Idonsa a rufe, gumi har haɓa, leɓensa na motsi. Ina wucewa na gangara gefe na tsaya.

Na ce wa kaina, Hadijatu, ke wace irin muguwa ce? Na zaro wayar na miƙa masa ta baya.

Ya daɗe yana kallonta.

"Tun yaushe?"

"Laraba."

"Akwatin ma da gangan ne?"

"Shi ma. Da man firosesan."

"Ram ɗin fa?"

"Wannan jahilci ne tsantsa."

Wani sauti ya fito masa ta hanci. Sannan ya ce me ya sa. Na yi niyyar in ce don kai ne, don lafiyarka, don kada Kawu ya tafi da kai. Duk gaskiya ne. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne: in kwamfutar ta tashi za ka shige ka rufe ƙofa, ni kuma ba ni da kowa a garin nan, Nazir. Makonnin da ba ka nan, ni kaɗai nake zama a teburin nan da waya a hannu. Da ka dawo ma ni kaɗai ce.

Na kifa kai a sitiyari na yi abin da ban yi a gabansa ba tun ranar da aka kawo shi.

Ya bar ni na gama. Na share fuska na ce bari mu juya gida.

"Tun da mun fito," ya ce, "kai ni Dutse Alhaji."

Can ne gidan su Zacharias.

Duk hanyar idonsa a rufe, wayar a dunƙule a hannunsa, amma shi ya riƙa gaya mini kwana, dama, hagu, bayan mai faci, kamar yana gani. Muka tsaya a ƙofar wani gida mai shuɗin get. Ya kama murfin mota, ya kasa buɗewa. Ya sake kamawa. Ya ce Yaya ba zan iya ba.

Na fita na ƙwanƙwasa. Wata mata ta leƙo, mahaifiyar Zacharias, gajeriya, da baƙin ɗankwali, hannunta duk kumfar wanki. Na ce ni yayar Nazir ce, yana mota, ya kasa fitowa. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta goge hannu a zani, ta zagaya, ta buɗe ƙofar baya ta shiga ta zauna kusa da shi, ta ja ƙofar.

Na tsaya a rana, na juya wa motar baya. Ban ji abin da suka ce ba, kuma ba zan tambaya ba. Wata mai gasa masara ta matsa mini a bencinta.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da la'asar

Kwamfutar ta tashi. Dannawa ɗaya, fankoki suka juya, sikirin ya kawo.

Shi ya kira Mama da kansa. Na ji yana cewa a gaya wa Kawu kada ya wahalar da mota, in ya shirya shi zai zo da ƙafarsa. Ban ji amsarta ba, na dai ji ya ce, to Mama ki daina kuka mana.

Lahadi, bayan isha

Ya ɗauke ta ya kai ɗaki. Ni na riƙe masa sikirin. Teburin ya koma fayau, ya yi mini girma.

Ya rufe ƙofar, kamar yadda Mama ta ce, kamar yadda na sani. Na zauna a falo ban kunna komai ba.

Can ƙofar ta buɗe, ya leƙo da abin sawa a kunne rataye a wuya.

"Yaya, mai ƙosan nan na bakin titi tana nan har yanzu?"

Na ce tana nan, gobe zan sayo maka kafin in wuce.

Ya ce a'a, ki dai tashe ni. Ke ba ki iya zaɓe ba.